Ƙona Daji da Wuri

Kowace shekara idan bazara ta kusa, gobarar daji takan cinye rumbuna da amfanin itatuwa, wani lokaci har da rayuka. Hana wuta ɗungum abu ne mai wuya, gama mafarauci mai neman gafiya ba ya jiran izni. Saboda haka ma'aikatan gandun daji suka ga gara a riga shi, watau a ƙone ciyawar tun tana da sauran ɗanye.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. A shekarar 1929 aka keɓe filaye uku a gandun Olokemeji, yamma da Ibadan. Ɗaya aka hana masa wuta, ɗaya ana ƙone shi da farkon rani, na uku kuwa sai rani ya yi nisa. Bayan shekaru, wanda aka tsare ya soma zama kurmi, na farkon rani ya riƙe itatuwansa, amma na ƙarshen rani itatuwa suka ragu, ciyawa ta rinjaya.

Dalili kuwa a fili yake. Cikin Nuwamba gamba ba ta gama bushewa ba, wuta sai ta bi ƙasa tsalli-tsalli, raɓar dare ta kashe ta. Amma a Fabrairu da Maris komai ya bushe ƙayau, harshenta yakan kai rassa, ya babbake furen kaɗanya da tutun ɗorawa. Shekaran nan mata ba kaɗe, ba kalwa.

To, sai dai lokacin nan dawa da auduga suna gona, don haka sai an yi hattara ƙwarai. Da fari a shaida wa dagaci da maƙwabta da Fulanin da ke kusa, a bar masu yankan shuci da ciyawar zana su gama. Sa'an nan a share hanya mai faɗin kamar yadi 5 kewaye da wurin. Kada a sa wuta da tsakar rana, sai la'asar sakaliya, iska ta kwanta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka daga kudu maso yamma za a kunna, wutar ta riƙa cin gaba da ƙyar tana fuskantar iska. Mutane su tsaya da ɗanyun rassa, kada kowa ya tafi sai kututturen ƙarshe ya daina hayaƙi.

Ba a ƙone daji duka a shekara ɗaya. A bar wani yanki domin kiwo da mafakar namun daji, baɗi a juya. Karan gona kuwa ba ya cikin wannan magana, shanu su ci shi su bar taki.