Kafin Ka Yarda Cewa "Gas Ya Ƙare"

Da zarar na'urar sanyaya ɗaki ta rage sanyi a tsakiyar bazara, abin da mai gyara ya fi saurin faɗa shi ne, "Alhaji, gas ya ƙare." A biya, a ɗura, bayan 'yan kwanaki zafi ya dawo. Alhali gas ɗin nan ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa kawai yake a cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wani lokacin ma bai ragu ba, laifin na wani ɗan bawul ne da ba a cika kula da shi ba.

Kwamfreso ke matsa gas har ya yi zafi, fankar waje ta sa ya huce ya zama ruwa. Ruwan ya ratsa ta 'yar kafar bawul ɗin, matsinsa ya faɗi nan take, sai ya yi sanyi ƙarara. Shi ke bin bututun cikin ɗaki yana tsotse zafi har ya koma iska.

Dabarar bawul ɗin tana wajen wani ɗan kurtun ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin bututun da ke komawa kwamfreso. In bututun ya ɗau ɗumi, sinadarin cikin kurtun ya kumbura ya danna wani siririn faifai, kafar ta ƙara buɗewa. In sanyi ya yi yawa, wani sifirin da ke cikin bawul ɗin ya tura, kafar ta tsuke. Ta haka ruwa ba ya kaiwa ga kwamfreso, wanda iska kaɗai yake iya matsawa, kuma shi ya fi komai tsada a na'urar. Ƙananan na'urori da dama siririn bututu kawai gare su a madadin bawul ɗin, masu inbata kuwa galibi bawul na lantarki.

Datti, ko danshin da ya daskare a kafar, na iya toshe ta. Alamun sai su yi kama da ƙarancin gas: sanyi kaɗan, ƙanƙara a bututu. Ƙara gas a wannan hali wahalar da kwamfreso ne da cin wuta a banza.

Fara da wanke rariyar ƙura, musamman bayan hunturu. In mai gyara ya zo, sa shi ya auna matsi da zafin bututu, ya nemo yoyo da ruwan sabulu, ya zuƙe iska da danshi kafin ɗuri. Duba takardar jikin na'urar: R22 ne, R410A ko R32? Ba a gauraya su, kuma R32 na iya kamawa da wuta.