Sallama Daban, Warkewa Daban

A hutun da ya wuce yayata ta haihu. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ta sauka, kafin azahar tana gida. Ni na je ɗauko su a a-daidaita-sahu, ina riƙe da kwando da fulas, Umma na rungume da jariri. Maƙwabta suna ta shigowa barka, kowa na cewa ai wannan haihuwa ta zo da sauƙi, ko kwana ba a yi ba. Babu wanda ya tambayi dalilin sallamar gaggawar nan, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga wata mata a kan benci a bakin ɗakin haihuwa tana murƙususu, mijinta na ta kai-kawo, na kuma san gadon yayata take jira.

Ranar kwana huɗu yaro ya rage kama nono, sai barci, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Umma ta ce shawara ce, a riƙa fito da shi hantsi, a bari a yi suna tukunna. Mijin yayata ne ya kafe sai an koma asibiti. Sistar da ta karɓe mu ta danna ƙirjin yaron da yatsa, ta duba tafin ƙafarsa, sannan ta ɗago.

"Mama, tun yaushe ya fara haka? Ba a ce ku dawo da shi ranar kwana uku ba?"

"Wallahi 'yar nan, babu wanda ya ce mana komai. Kati kawai aka miƙo mana."

Kwana biyar ya yi a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, an rufe masa ido. Rago dai an yanka a gida, amma mai jego da mai suna suna asibiti.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ranar da aka sallame su babu likitan da zai iya ganin wannan ciwon, domin bai fito ba tukunna. Shawarar jarirai takan bayyana ne a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙololuwa tsakanin kwana uku zuwa biyar. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke farfashewa su saki wani sinadari mai launin rawaya, ita kuwa hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. Ga yawancin yara abin yakan wuce da kansa. Ga wasu kuwa sinadarin yakan taru har ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko naƙasar da ba ta da magani. A ƙasarmu akwai yara da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin kariya a jini mai suna G6PD, kuma kafur ɗin nan da iyayenmu ke zubawa a akwatin kayan jarirai yana iya tayar musu da ciwon. Hantsi ba ya maye gurbin gwajin jini, balle ruwan gulukos.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matar da ta haihu lafiya a asibiti ta yi aƙalla awa 24 kafin a sallame ta, domin a cikin wannan lokacin ne zubar jini ta fi kashe masu jego. Bayan nan a sake duba uwa da ɗa a kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma bayan mako shida. Yayata awa takwas ta yi. Amma ko kwana ɗaya cur ta yi, da shawarar ba ta fito ba. Abin da ya kusa cutar da mu ba gajartar zaman ba ce kaɗai, rashin jimla guda ce: ku dawo ranar kaza, in kuma kun ga kaza kada ku jira ranar.

Kada wani ya ɗauka ina cewa daɗewa a gadon asibiti alheri ne. Ko kusa. Wanda ya daɗe a kwance jini kan iya daskare masa a jijiyar ƙafa, tsokarsa ta saki, ga ƙwayoyin cutar da ke yawo a ɗakunan jinya, wasunsu ma ba sa jin magani. Tun a shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa idan aka kashe wa mutum zafin ciwo yadda ya kamata, aka tashe shi ya taka da wuri, aka ba shi abinci da wuri, zai iya komawa gida cikin 'yan kwanaki bayan babbar tiyatar hanji. Sai dai irin wannan sallama tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake tsara ta, kuma asibiti na bin mara lafiya har bayan ya koma gida. Wannan daban, wadda ake yi don gado ya yi kaɗan daban.

To me ke sa a sallami mutum bai shirya ba? Ƙarancin gado na gani da idona. Yajin aiki kuwa kowa ya sani, duk lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suka ajiye aiki za ka ji a rediyo an sallami marasa lafiya daga asibitocin koyarwa. Amma babban direban motar nan kuɗi ne, kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka, a 1983, inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, ta daina biyan asibitoci gwargwadon abin da suka kashe, ta koma biyan kuɗi tsayayye bisa nau'in cuta. Nan take kowane ƙarin kwana ya zama asara ga asibiti, sai zaman jinya ya gajarta. Kamfanonin inshora masu zaman kansu su ma suka matsa, har aka kai ana sallamar masu jego cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka. Sai a 1996 aka yi dokar da ta tilasta musu biyan aƙalla awa 48 bayan haihuwa, awa 96 in tiyata aka yi. Tun 2012 kuma Medicare ke rage wa asibiti kuɗi idan waɗanda ya sallama suka cika dawowa cikin kwana 30.

A wurinmu abin ya juya. Ba kamfani ne ke korar mara lafiya ba, aljihunsa ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kowane dare akwai kuɗin gado, kuɗin allura, abincin mai jinya, ga sana'ar da aka rufe. Sai ka ji magidanci ya ce, "Likita, a taimaka a sallame mu, za mu ƙarasa a gida." A kawo takarda ya sa hannu cewa da ra'ayinsa ya fita. Ni ban ga laifinsa ba, wallahi. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa daga sa hannun nan sai magana ta ƙare, kamar an yi faɗa, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar a zaunar da shi a yi masa bayani. Kuma ƙarasawa a gida ma'anarta kemis ɗin unguwa. In tiyata aka yi, miki yakan fara ruwa ne kwanaki bayan aikin, lokacin da babu mai duba shi sai 'yan gida. Daga ƙarshe a dawo asibiti ta ɓangaren gaggawa, a biya ninkin abin da aka gudu.

Mu ɗalibai ma muna da namu salon. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da mutum ana saura kwana biyu jarrabawa, a sa masa ƙarin ruwa leda ɗaya da allura ɗaya, yana jin kansa ya ɗan saki sai ya ce a cire masa, yana da takarda ƙarfe takwas. Alhali idan zazzaɓin ya yi tsanani, ƙa'idar ita ce allurar atesunet sau uku cikin awa 24, sannan a bi da ƙwayoyi na kwana uku cif. Sauƙin da ka ji bayan allurar farko ba ya nufin ƙwayar cutar ta ƙare a jininka. Akwai kuma tsarin inshorar ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP. Ya kamata kowa ya duba rasit ɗin rajistarsa ya ga ko yana cikin abin da ya biya, ya kuma tambayi me da me ya ƙunsa, tun yana da lafiya.

Mu Hausawa muna jin nauyin tambayar likita, kamar rashin kunya ce. Ba rashin kunya ba ce. Kafin a naɗe tabarma, mai jinya ya tsaya ya ji sunan cutar, ya ji yadda za a sha kowane magani da ranar da za a daina, da ranar cire zare ko wanke miki, da ranar dawowa. Sannan tambayar da ta fi duka, wadda mu muka kasa yi: wace alama ce in mun gani mu taho ko da tsakar dare ne? A sa a rubuta, domin ranar sallama hankalin kowa yana kan gida, rabin abin da aka faɗa a bakin gado ba ya kaiwa bakin ƙofa. In likita ya wuce, sista na nan.

A sallama ta biyu ni na tsaya da biro da bayan ambulan. Likitar yara ta ce a kawo shi a gwada jinsa, domin irin wannan shawara kunne take fara taɓawa. An gwada sau ɗaya, sakamako ya yi kyau, an ba mu wata ranar. Umma ta kwashe kafur ɗin akwati gaba ɗaya ta watsar, ranar komawa kuma ta sa na zagaye mata ita da jan biro a kalandar ɗakinta.