Rumfar 'yan goro a kasuwar Gummi

Ɗan Gummi da ya daɗe a wani gari, idan ya dawo ya ratsa kasuwa ya nufi wajen 'yan goro, abin da zai fara gani shi ne huhuna sun ragu. Inda a da ake jibge su har su tare hanya, yanzu kwando biyu ko uku ne a gaban dattijo, an lulluɓe da ganye da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Abin takaicin shi ne garin nan ba baƙo ba ne a harkar. A Gummi Kambarin Barebari suka yi zamansu, fataken da sunansu ke jere da na Agalawa da Tokarawa in ana zancen ayarin Gwanja, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddiginsu a littafinsa na 1980. Madugu ya ja gaba, jakai ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, a haye Kwara, a keta ƙasar Bargu har Salaga, a yi wata da watanni kafin a dawo da goro. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 sai Salaga ta fara dusashewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko kaya ta teku zuwa Ikko, manoman ƙasar Yarbawa kuma suka rungumi shukar. Tun daga nan goro ya bar bayan jaki, Shagamu ta gaji Salaga, Gummi ta koma mai jiran mota.

Duk da haka gwanintar ba ta mutu ba, tana nan a hannun tsofaffi. A tsaya a kalli ɗaya daga cikinsu yana juya kaya da hantsi. Ba ya kallon goron sosai, yatsunsa ne ke gani. Ya ɗauko, ya murza, ya jefa nan ko can: marsa gefe guda, minu gefe guda, fari daban, ja daban. Wanda sankara ta taɓa kuwa nesa ake kai shi, don guda ɗaya ya isa ya lalata huhu. Sai ya cire ganyen da ya bushe ya shimfiɗa ɗanye, ya yayyafa ruwa da tafin hannu daidai gwargwado, domin in ya yi yawa goro ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya yanƙwane. Da wannan haƙurin ne sabon goro mai yauƙi da ɗaci ke shekara ya zama daushe, mai ƙaras a baki da garɗi a maƙogwaro. Mai cin daushe ba ya ciniki da gaggawa, mai sayarwa ma ya san da haka.

Ga wani mai tebur ya shigo daga Tungar Guru, zai sari ƙwarya biyu, wato goro 200.

"Baba, a rage mani. Wanga ai hannunruwa ya yi kusa hi shi."

"Kai yaro, ji tsoron Allah. Ɓantara ka ji. Albarka!"

Ya ɓantara, ya tauna, ya ɗaure fuska kamar bai ji daɗi ba. Ya ƙara kaɗan, aka ce albarka. Ya miƙe ya kai bakin rumfa, aka kira shi. A ƙarshe aka sallama, aka ɗora masa gyara guda uku, ya tafi yana ƙorafi, tsohon ma yana ƙorafi.

Ƙorafin tsohon ya fi tsawo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota daga kudu ya yi tashin gwauron zabo, ga shingaye a hanya, kowanne da hannu a miƙe, goro kuwa ba ya son kwana cikin zafi. Kafin wannan, a watan Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako na Zamfara saboda 'yan bindiga, mai hatsi ya ajiye buhunsa, mai goro ya zauna yana kallon jarinsa na bushewa. Hanyar Anka da ƙauyukan Bukkuyum har yau sai da addu'a, masu zuwa sari sun ragu. Ambaliyar watan Agustan 2024 ta zo ta ƙara wa Gummi nata.

Amma abin da ya fi cin ransa ba tsada ba ne.  A nan, inda ba a neman aure, ba a raɗa suna, ba a gaida sarki ko malami sai da goro, an wayi gari ana ɗaurin aure da alawa da cingam a leda. Katin gayyata ya kori goron gayyata, saƙon waya kuma ya kori katin. Samarin da ke haƙar zinari, in barci ya matsa musu, lemon gwangwani mai sa kuzari suke nema, suna cewa goro na ɓata haƙori.

Masu riƙe da rumfar yanzu su ne tsofaffin mata, malamai masu kwana kan karatu, da direbobin doguwar hanya. Su ma da yawansu rabin goro suke tambaya, a tsaga musu, ɗaya ɓarin ya jira wani.