Masu Hoto da Magangarar Ruwan Matsirga

Kafanchan. 'Yan kilomita kaɗan daga garin Kafanchan, a yankin Madakiya, ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yana zubowa daga kan dutse mai tsayin kusan mita 30 zuwa cikin kwazazzabo. Wannan ita ce magangarar Matsirga, wadda take cikin wuraren da Jihar Kaduna ke alfahari da su duk lokacin da aka zo batun yawon buɗe ido. Ga masu sana'ar ɗaukar hoto kuwa, wurin jari ne wanda ba a saye da kuɗi ba, sai dai cin ribarsa yana da ƙayyadadden lokaci.

Dalili shi ne, hasken tsakar rana ba ya yi wa ruwa kyau a hoto. Fari yakan ƙone, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Hasken da ake nema shi ne na hudowar rana da na dab da faɗuwarta, lokacin da yake zuwa a karkace, ya yi ja-ja, ya fito da zanen dutse. A nan ne kuma bakan gizo kan bayyana cikin feshin ruwan, muddin rana tana ƙasa-ƙasa kuma tana bayan mai kyamara. Da yake Kafanchan ba ta da nisa sosai da tsakiyar duniya, rana takan miƙe sama da sauri, don haka wannan haske bai cika kai awa guda ba. Wanda ya tsaya karin kumallo ya yi asarar ranar.

Yanayin shekara ma yana da nasa hukunci. A Agusta da Satumba ruwa yakan cika ya yi ja da laka, gajimare ya rufe rana. Cikin hunturu hazo yakan mai da rana kamar faifan jan ƙarfe, abin sha'awa a hoto, amma ruwan ya ja baya. Tsakanin Oktoba da Nuwamba ne ake dacewa da duka biyun.

Sana'ar kanta ta sauya. A da, mai hoto yana sayen fim, ya ɗauka, ya kai wanki, ya sayar wa masu buga kalanda da katin gaisuwa, kuma garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927 bai rasa baƙi masu saye ba. Jirgin ya ja baya. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta, kowa ya zama mai hoton kansa. Abin da ya rage wa ƙwararre shi ne aikin da waya ba ta iya yi ita kaɗai: sanin inda za a tsaya da lokacin da za a danna, musamman ga ango da amarya masu son hoton kafin aure a bakin ruwa, da baƙin da ke zuwa bikin Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu.

Babbar matsalar ita ce tsaro. Sa'o'in da hoto ya fi kyau su ne waɗanda mutane suka fi tsoron hanyar daji. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ƙone kasuwar Kafanchan. A Disambar 2016 gwamnatin jihar ta kafa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, aka kuma sake kafa irinta a 2020. Ko da aka sassauta, irin wannan doka takan koma daga magariba zuwa wayewar gari, wato daidai lokacin da mai hoto zai kama hanya ko ya dawo. Asarar ba ta tsaya a kansa ba, takan shafi ɗan acaɓan da zai kai shi, da mai masaukin baƙi, da mai sayar da abinci a bakin hanyar Madakiya.