Neman zama na dindindin a Kanada: ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Idan aka tambayi ɗan kasuwar Maraɗi sau nawa ya fita ƙasar waje cikin shekara 10, zai ƙidaya Dubai, ya ƙidaya ƙasar Sin, ya ƙidaya Makka. Ba zai ƙidaya Katsina ba. A wurinsa, wanda ya yi sallar asuba a Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ya sari kaya ya komo gida kafin magariba, bai yi tafiya ba, kasuwa ya ci. Haka mutumin Damagaram yake ɗaukar Kano, haka na Birnin Ƙonni yake ɗaukar Illela da Sakkwato. To amma ga ma'aikacin shige da fice na ƙasar Kanada da ke zaune da dosiye a gabansa, Katsina ƙasar waje ce daidai da Dubai, kuma rashin rubuta ta yana iya zama mafarin tuhuma.

Wannan magana ta shafi ɗiyan Nijar fiye da da. Tun watan Janairu na shekara ta 2015 Kanada ta buɗe tsarin zaɓen ƙwararrun ma'aikata ta hanyar intanet, kuma a shekara ta 2023 ta ware rukuni na musamman domin masu jin Faransanci. Malaman makaranta, likitoci, injiniyoyi da ɗiyan ƴan kasuwa da suka yi karatu mai zurfi, da yawa sun juya hankalinsu can. Jihar Kebek tana zaɓen nata baƙi bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a shekara ta 1991, amma hukuncin ko mutum ya cancanci shiga ƙasar yana hannun gwamnatin tarayya. Ke nan kowace ƙofa mutum ya bi, tambayoyin tafiye-tafiye suna jiransa.

Abin da takardu suke tambaya

Takarda mai lamba IMM 5562 tana neman mutum ya jera duk fitar da ya yi daga ƙasarsa ta asali ko ƙasar da yake zaune, cikin shekara 10 da suka wuce, ko kuwa tun ranar da ya cika shekara 18 idan bai kai 28 ba. Ana son shekara da watan fita da na komowa, tsawon zaman, gari da ƙasa, da dalilin tafiya: fatauci ne, ziyara ce, horo ne ko yawon buɗe ido. Matar aure da ɗiyan da suka kai shekara 18 su ma sai a jera nasu. Wanda ya shiga ta tsarin intanet, waɗannan tambayoyi ne dai zai tarar a kan allon kwamfuta.

Takarda ta biyu, mai lamba IMM 5669, ta fi zurfi. Tana neman tarihin mutum na shekara 10 ba tare da giɓi ba: ina ya zauna, wane aiki ya yi, yaushe ya yi zaman kashe wando. A cikinta ne kuma ake tambayar ko an taɓa hana shi biza, ko an taɓa komo da shi daga bakin iyaka, ko an taɓa umartar shi ya bar wata ƙasa. Tambayar ba ta tsaya ga Kanada kaɗai ba, kowace ƙasa ta duniya ake nufi. Wanda ofishin jakadancin Faransa ko na Amurka ya taɓa hana wa biza, amsarsa ita ce i, ko da abin ya daɗe, ko da fasfon da ya nema da shi ya mutu.

Dalilin wannan bin diddigi ba ɓoyayye ba ne. Duk ƙasar da mutum ya zauna wata 6 ko fiye a jere cikin waɗannan shekaru, sai ya kawo takardar shaidar rashin laifi daga can, irin wadda ake kira kaziye a nan gida. Wanda ya yi karatu a Maroko, ko ya yi ci-rani a Abijan, ko ya yi wata 8 yana aiki a Libiya, in ya share wannan zama daga jerin, ya hana hukuma binciken da doka ta ɗora mata. Nan ne abin da ake gani ƙarami yake zama babba.

Hukuncin ɓoyewa

Dokar shige da fice ta Kanada, wadda ta fara aiki a shekara ta 2002, ta wajabta wa mai nema a ayarta ta 16 ya amsa kowace tambaya da gaskiya. Aya ta 40 kuma ta ce wanda ya ba da bayanin ƙarya ko ya ɓoye wani muhimmin abu, da kansa ko ta hannun wani, wanda ya jawo kuskure ko yake iya jawo kuskure wajen aiki da dokar, ba a karɓarsa. A lura da kalmar "iya". Ba sai ƙaryar ta yi aiki ba, ya isa a ce tana iya ɓatar da mai yanke hukunci. Da can horon shekara 2 ne, amma tun shekara ta 2014 aka mai da shi shekara 5, kuma cikin waɗannan shekaru mutum ba shi da damar sake neman zama na dindindin.

Abin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Idan matar da za ta raka mijinta ta ɓoye hanin bizar da aka taɓa yi mata, dosiyen gidan gaba ɗaya yana iya faɗuwa. Wanda kuma ya tsallake har ya samu takardar zama, bai tsira ba, domin ana iya karɓe ta in gaskiya ta fito daga baya, har ma shaidar zama ɗan ƙasa ana iya soke ta idan a kan ƙarya aka gina ta. Amurka ta ma fi tsanani, domin dokarta ta tanadi hani na har abada ga wanda ya yi yaudara da gangan wajen neman biza.

Abin takaici shi ne, sau da yawa abin da aka ɓoye ba shi hana komai. Hanin biza ba laifi ba ne. Mutane da dama an hana su bizar ziyara sau ɗaya ko sau biyu, suka faɗa, suka kuma samu zama na dindindin. Kunya ce kawai take sa mutum ya ce a'a inda ya kamata ya ce i, sai ya sayi horon shekara 5 da abin da bayanin layi biyu zai warware.

Yadda asiri yake tonuwa

Zamanin da sabon fasfo yake wanke tsohon tarihi ya wuce. Tun ranar 31 ga watan Yuli na shekara ta 2018 Kanada take ɗaukar zanen yatsu da hoton masu nema daga ƙasashen Afirka, kuma tana musayar bayanan shige da fice da Amurka, Ingila, Ostareliya da Niyu Zilan. Suna yana iya sauyawa a takarda, yatsa ba ya sauyawa.

Amma ba kullum na'ura ce take kama mutum ba, takardunsa ne suke ƙaryata juna. Takardar shaidar aiki ta ce bai bar Yamai ba, hatimin fasfo ya nuna ya yi wata 7 a Turkiyya. Takardar banki ta nuna an ciri kuɗi a Lome, jerin tafiye-tafiye bai ambaci Togo ba. Ko kuwa takardar neman bizar ziyara da ya cika shekara 4 da suka wuce ta faɗi abu, ta yau ta faɗi wani. Idan ma'aikaci ya ga irin wannan, a al'ada yakan aika wasiƙa ya ba mutum wa'adi ya kare kansa. Sai dai uzurin mantuwa ba kasafai yake karɓuwa ba, kuma kotun tarayyar Kanada ta sha tabbatar da cewa nauyin duba takarda yana kan wanda ya sa mata hannu.

Wannan ya haɗa da aikin ƴan tsakani. Wanda ya miƙa fasfonsa da kuɗinsa ga mai cika takardu a bakin titi, mai cikawa ya sa a'a a kowane gurbi don aiki ya yi sauri, laifin yana wuyan mai dosiye. Dokar Kanada ta yarda lauyoyinta, da notocin Kebek, da mashawartan da ke da rajista a hukumarsu ne kaɗai suke karɓar lada su wakilci mutum, kuma ɓoye cewa an biya wani ya yi aikin shi ma ɓoye gaskiya ne.

Matafiyin da ba shi da hatimi

Matsalar ɗan Nijar ta musamman ita ce yawan tafiyarsa ba ta bar sawu ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta shekara ta 1979 ta buɗe iyakoki ba tare da biza ba, kuma har zuwa fitar Nijar daga ƙungiyar a watan Janairu na shekara ta 2025, tsara guda ta tashi tana zuwa Kano da Kwatano da katin shaida kawai. Rashin hatimi kuwa ba ya ɗauke wajibcin faɗa.

Mafita ita ce a zauna a tattara kafin a taɓa alƙalami. Tsofaffin fasfo kada a yar da su, kuma kafin a sabunta a ɗauki hoton kowane shafi. Ma'aikacin gwamnati ya nemo takardun izinin tafiyar aiki da fasfon aiki in ya taɓa riƙewa. Ɗan kasuwa ya duba tikitocin jirgi, takardun duwan da littafin cinikinsa. Hajji da umara su ma tafiye-tafiye ne. Inda ba a tuna daidai ba, a sa abin da ya fi kusa, a faɗa cewa ƙiyasi ne. Mai tsallaka iyaka kowane mako ya haɗa da wasiƙar bayani: daga shekara kaza zuwa kaza, kusan sau kaza a wata, Maraɗi zuwa Katsina, domin saro kaya, yini guda. Wanda kuma ya tuna da wani abu bayan ya aika dosiye, ya gaggauta sanar da hukuma da kansa kafin ita ta tambaye shi.

Magidanci yana iya sayar da fili, ya biya kuɗin jarrabawar harshe, da na likita, da na tantance takardun karatu, ya yi shekara yana jira, sa'an nan gurbi ɗaya da ya ƙi cikawa ya rushe duka. Fataken da suka kai goro daga Gwanja ba su yi arziki da ɓoye hanyar da suka biyo ba, da amana suka yi shi. Mai niyyar wannan tafiya ya fara da buɗe akwati, ya fito da tsohon fasfo, ya ƙidaya har da Katsina.