Uwargida, Ki San Abin Da Ke Cinye Ƙarfin Kwamfutar Gidanki

A yau gidaje da dama ba a rasa kwamfuta, ko ta tebur ko ta cinya. Wata maigida ne yake barin ta a gida, wata yara aka saya wa domin su saba kafin jarrabawar JAMB, tunda tun shekarar 2015 a kan kwamfuta ake zana ta, wata kuma taki ce da kike ajiye lissafin sana'arki da hotunan biki da suna da karatuttukan malamai.

To amma da zarar ta fara nauyi, a danna abu ya ƙi buɗewa, sai kowa ya ce bairos ne. A kai wa mai gyara, ya yi mata fomatin, a biya kuɗi, wani lokaci hotuna da lissafin shekara guda su bi ruwa. Bayan sati biyu kuma nauyin ya dawo, domin ba a gano ainihin ciwon ba. Alhali kuwa kwamfutar da kanta tana iya gaya miki abin da ke damun ta, kyauta, ba tare da kin fita ko ƙofar gida ba.

Inda za ki duba

Duk kwamfutar da ke aiki da Windows tana da wata manhaja mai suna Task Manager. Tun shekarar 1996 take cikin Windows, aka sake mata fasali a 2012 ta ƙara sauƙin karantawa. Domin buɗe ta, ki danne maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Idan ƙaramin akwati ya fito a Windows 10, ki danna More details da ke ƙasa, sai ya buɗe gaba ɗaya. Mai kwamfutar Apple kuwa, tata sunanta Activity Monitor, aikinsu ɗaya ne.

A shafin farko, mai suna Processes, za ki ga jerin duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar, har da waɗanda ba ke kika buɗe su ba. A sama akwai kanu huɗu, kowanne da lissafin kashi cikin 100. Ki ɗauke su tamkar kicin ɗinki. CPU ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato mai girkin. Memory, wadda masu sayarwa ke kira RAM, ita ce teburin da take baza kayan miyar da take aiki da su yanzu. Disk shi ne sito, inda ake ajiye komai ko an kashe na'urar. Network kuwa shi ne ɗan aike, mai kaiwa da kawowa ta intanet, kuma shi ne mai cin datarki.

Ki danna kan kowane ɗaya daga cikinsu, jerin zai sake tsari, wanda ya fi ci ya hau sama. Nan take za ki ga mai laifin da sunansa.

Idan CPU ce ta cika

Ba abin damuwa ba ne ta kai 100 na ɗan lokaci sa'ad da kika buɗe wata manhaja ko kuma an kunna kwamfutar yanzu. Abin lura shi ne ta zauna a sama minti da yawa alhali ba kya yin komai, fanka tana ta gurnani. Sau da yawa Windows ce ke sabunta kanta ko take binciken bairos, in kin ba ta lokaci za ta sauka. Amma idan wani baƙon suna ne kullum yake sama, ki yi hattara. Akwai miyagun manhajoji da ke shigowa tare da wasannin sata da yara ke saukewa, su riƙa amfani da ƙarfin kwamfutarki da wutarki suna haƙo wa wani kuɗin kirifto. Ki danna sunan da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Search online, za ki ga ko mene ne.

Zafi ma yana kawo nauyi. Idan ƙwaƙwalwar ta yi zafi sosai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Saboda haka a daina ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko matashi, domin suna toshe ƙofofin iska. A lokacin bazara a ɗora ta a kan tebur ko faranti mai faɗi, bayan hunturu kuma a sa a kakkaɓe ƙurar da ta taru a fankarta.

Idan Memory ce ta cika

Wannan shi ne ciwon yawancin kwamfutocin gida. Windows 11 tana buƙatar aƙalla gigabait 4, kuma ita kanta tana cinye kaso mai yawa daga ciki. Idan kin ga lissafin kullum yana wajen 85 ko 90, to teburin ya cika, kwamfutar ta koma tana zarya zuwa sito, shi ya sa komai yake jan ƙafa. Galibi burauza ce, irin su Chrome, an buɗe shafi ashirin ba a rufe ko ɗaya ba. A cikin Chrome, in kin danne Shift da Esc, za ki ga shafin da ya fi ci.

Idan kin rufe shafukan amma ba ta sauka ba, ki shiga shafin Performance ki danna Memory. Zai nuna miki yawan gigabait ɗin da kike da shi da kuma ko akwai ramin da ya rage a ƙara wani. Ƙarin RAM zuwa gigabait 8 ya fi sayen sabuwar kwamfuta arha nesa ba kusa ba, sai dai wasu kwamfutocin cinya nasu a liƙe yake, ba ya ƙaruwa.

Idan Disk ne ya cika

Ki lura da kyau, 100 a nan ba ya nufin sito ya cika da kaya, yana nufin ba ya hutawa ne. A shafin Performance, ƙarƙashin Disk, sababbin Windows suna rubuta ko HDD ne ko SSD. HDD tsohon yayi ne mai faifai da ke juyawa a ciki, SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma ya fi sauri sosai. Tsohuwar kwamfuta mai HDD, canza mata SSD kan dawo da ita hayyacinta. Idan kuma kin fara jin ƙas-ƙas daga ciki tare da nauyi, kada ki jira gobe, ki kwashe hotunanki da takardunki zuwa filas ko wani rumbun waje, domin faifan yana iya mutuwa a kowane lokaci.

Idan data ce ke ƙarewa

Kina haɗa kwamfuta da wayarki, kafin ki ankara datar wata ta ƙare a kwana uku? Ki danna Network ki ga mai jan ta. Sau da yawa sabuntawar Windows ce, ko wasan da ke sauke ƙari a ɓoye. A cikin Settings, sashen Network & Internet, akwai Data usage da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwanaki 30 da suka wuce. A wannan sashen kuma za ki kunna Metered connection ga layin wayarki, wato kin gaya wa Windows cewa datar nan a ƙirge take, sai ta rage sauke-sauke.

Abin da za ki taɓa da wanda za ki bari

Manhajar da kika sani ta maƙale, ki zaɓe ta ki danna End task. Sai dai duk rubutun da ba ki adana ba a cikinta zai tafi, don haka ki saba da danna Ctrl da S kina cikin aiki. Sunan da ba ki sani ba kuwa, kada ki kashe shi da ka. System da Service Host na Windows ne, Antimalware Service Executable kuma shi ne maigadin da ke kare ki daga bairos.

Akwai kuma shafin Startup, jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar. Wanda aka rubuta wa High kuma ba kya buƙatar sa da sassafe, ki danna masa Disable. Bai goge ba, zai jira ne har sai kin kira shi. Haka nan ki riƙa danna Restart ko sau ɗaya a sati, domin a Windows 10 da 11 Shut down ba ya wanke komai kamar yadda Restart yake yi.

In kina son idonki ya kasance a kai kina cikin aiki, ki bar Task Manager a buɗe. Wani ɗan akwati zai zauna kusa da agogo a ƙasan fuskar kwamfutar, ki kai linzami kansa, zai nuna miki lissafin nan huɗu.

Ranar sayayya da ranar gyara

Idan za a sayo wa yara kwamfuta ta hannu, ki roƙi maigida ko wanda aka aika ya buɗe Performance a gaban mai shago, ya tabbatar da yawan RAM da irin faifan, kada a tsaya ga takardar da aka manna a jiki. A kuma tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba. In kuma gyara ya zama dole, ki ɗauki hoton abin da kika gani da wayarki a nuna wa mai gyara, kuma kada a yarda da fomatin sai an kwashe kayanki.

Daga ƙarshe 'yar'uwa, wannan sani amana ne. Duba abin da yaranki suka zuba a kwamfuta yana cikin kiwon da Allah Ya ɗora miki, kuma ya fi kyau ki zaunar da su ku duba tare, su ma su koya. Amma bin diddigin maigida ko abokiyar zama ba ya cikin wannan, domin Suratul Hujurat ta hane mu da binciken asirin juna. Allah Ya sa albarka a dukiyarmu da zuri'armu, Ya haɗa mu a wata mai zuwa cikin ƙoshin lafiya, amin.