Ɗinkin Ƙoli na Birnin Faris: Abin da Zai Koya Miki Kafin Ki Kai Yadi Wurin Tela

Uwargida, sau biyu a shekara, a watan Janairu da na Yuli, hotunan wasu riguna daga birnin Faris na ƙasar Faransa sukan cika wayoyi. Wata rigar jelarta na jan ƙasa, wata an lulluɓe ta da duwatsun ado har ba a ganin yadin. Wataƙila kin taɓa wuce su kina cewa wannan ai ba suturar mutane ba ce. Sai dai 'yarki tana kallonsu, kuma da biki ya matso za ta miƙo miki waya ta ce irin wannan take so. Gara ki san abin da ke bayan hoton, don kuɗinki da yadinki ne za su tafi wurin tela.

Faransawa suna kiran wannan ɗinki haute couture, wato ɗinkin ƙoli. Wanda ake ɗauka a matsayin ubansa Bature ne ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, wanda ya buɗe shagonsa a Faris a 1858. Kafin shi, mace ce ke gaya wa tela abin da take so. Shi kuwa sai ya riƙa zana nasa salon, ya sa mata su saka su nuna wa masu saye, ya kuma liƙa sunansa a cikin rigar. Tun daga 1945 doka ke kare sunan wannan ɗinki a Faransa. Gidan da ke son amsa shi dole ya riƙa ɗinka wa kowace mace daidai awonta tare da gwaji, ya mallaki ɗakin ɗinki a Faris mai ma'aikatan dindindin aƙalla 15, ya kuma fitar da sababbin zane sau biyu a shekara. Yawancin aikin da allura da zare ake yi. Riga ɗaya takan ci ɗaruruwan awanni, kuɗinta kuma yakan kai dubban daloli masu yawa.

Ba yau aka fara ce-ce-ku-ce a kan tsadarsa ba. A watan Fabrairun 1947, Christian Dior ya fito da dogayen siket masu cin yadi, alhali ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ana cikin ƙarancin tufafi. Wasu suka ce almubazzaranci ne, amma cikin ɗan lokaci salon ya bazu a duniya. Haka abin yake tafiya: abin da aka nuna a Faris yau, gobe ana kwaikwayonsa a kasuwa da yadi mai araha.

Ga abin da ya kamata ya faranta miki rai. Abin da attajiran Turai ke biyan maƙudan kuɗi a kansa, wato a auna mace a ɗinka mata ita kaɗai, shi ne abin da kike yi duk sallah a wurin telan unguwarku. Bambancin yana wurin kulawa, kuma kulawar nan za ki iya ɗaukarta kyauta.

Na farko, awo da gwaji. A gidajen Faris ba a sa almakashi a yadi mai tsada sai an fara ɗinka rigar da farin yadi mai araha, irin alawayyo, an gwada a jikin mai ita, an gyara. Idan kin sayi leshi mai tsada don bikin 'yarki, ki roƙi tela ya fara gwada salon da yadi mai sauƙin kuɗi. Kada kuma ki aika da tsohuwar riga a matsayin awo, musamman bayan haihuwa, don jiki yakan canja. Ki je a auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsawon hannu, sannan ki koma gwaji kafin a ƙarasa. A wurin gwajin ki zauna, ki ɗaga hannu, ki sunkuya kamar za ki ɗauki yaro. Rigar da ta hana ki waɗannan za ta ƙare a ƙasan akwati.

Na biyu, ki juya rigar ki duba cikinta. Gidan Chanel ya shahara da ɗinka siririyar sarƙa a cikin kalmasar kwat ɗinsa, don nauyinta ya sa kwat ɗin ya zauna sosai a jiki. Ba mai ganin sarƙar, amma kowa na ganin aikinta. Kafin ki biya cikon kuɗin ɗinki, duba shafi, kalmasa, zif da ɗinkin hammata. Idan zare na reto ko shafin ya fi rigar matsewa, a gyara tun ba ki bar shagon ba.

Na uku, abu ɗaya ya yi magana. A 1926 mujallar Vogue ta buga zanen wata baƙar riga ta Coco Chanel wadda kusan ba ta da ado, har yau kuma ana kwaikwayonta. Idan atamfarki mai hayaniyar zane ce, ɗinkin ya zama mai sauƙi, mayafin ya ɗauki launi ɗaya daga cikin zanen. Idan yadin mara zane ne, to a nan aikin wuya ko sarƙa za su fito.

Na huɗu, kada ki raina na gida. A Janairun 2020, an gayyaci Imane Ayissi ɗan Kamaru ya nuna ɗinkinsa a wannan mako na Faris, kuma da yadudduka na Afirka, irin su kente, ya yi suna. Alphadi na Nijar ya kafa bikin nuna suturar Afirka na FIMA a 1998 a cikin hamada kusa da Agadas. Saƙi, rinin baba na Ƙofar Mata da aikin hannu irin na aska takwas duk daga irin wannan haƙuri suka fito.

Saboda haka idan 'yarki ta kawo hoto, ku zauna ku kalla tare. Ki tambaye ta abin da ya burge ta, hannun ne, ko launin, ko yadda rigar ta sauka. Ku ɗauki wannan ɗaya, ku daidaita shi da tsarin suturar gidanku da ƙarfin aljihunku. Ankon da aka ci bashi aka yi, aka saka sau ɗaya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kala uku masu kyan ɗinki da za ta saka shekara biyu sun fi goma da za su ɓarke a wankin farko.